Gidan Zoo: Tun Ran Gini Tun Ran Zane

Yawancinmu in aka ce za a gina gidan zoo, abin da ke zuwa mana a rai shi ne a samu fili babba a zagaye shi da katanga, a kira mai walda ya haɗa keji bayan keji a jere, a malala siminti a ƙasa a rufa kwano a sama, sannan a bazama neman dabbobin da za a zuba a ciki. Zaki keji ɗaya, kura keji ɗaya, biri keji ɗaya, duk fasali guda, bambancin kawai wani ya fi wani faɗi da kaurin rodi. To ni a ganina tun daga nan aka kuskure hanya, domin aikin a juye aka yi shi. Dabbar ce ya kamata ta faɗa wa magini irin gidan da za a yi mata, wato a fara zama a san wace dabba ce, yaya take kwana, yaya take neman abinci, ita kaɗai take rayuwa ko cikin garke, tsalle take yi ko hawa ko haƙa, zafi take so ko sanyi, sai an gama wannan lissafin sannan a ɗauki biro a fara zane. In kuma lissafin ya nuna ba za a iya ba, a haƙura da ita kawai a nemi wadda za a iya riƙewa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kejin zaki ko kura na ɗan lokaci ya ga abin da zan faɗa. Dabbar ta taso daga wannan kusurwa ta bi jikin rodi zuwa waccan, ta juya kai a daidai wuri ɗaya, ta dawo, ta sake komawa, taku iri ɗaya ba ragi ba ƙari, har in ƙasa ce ba siminti ba zaka ga sawunta ya fitar da wata 'yar hanya siririya ta yi sumul, gashin kafaɗarta na gefen da take gogar ƙarfe duk ya cinye. Yara na ihu wai ji yadda yake zarya don fushi, wasu su ce ai yunwa ce. Ba fushi ba ne fa, ƙunci ne ya yi mata yawa har ya fara taɓa kanta. Giwa nata salon shi ne rangaji hagu da dama awa da awanni, biri ya riƙa tsigar gashin jikinsa, aku ya fige kansa da kansa, raƙumin dawa ya yi ta lasar ƙarfe ko bango. A 2003 wasu masu bincike biyu a jami'ar Oxford, Ros Clubb da Georgia Mason, suka tattara bayanan dabbobi masu cin nama da ke tsare a gidajen zoo, suka gano cewa waɗanda a daji suka saba cin doguwar tafiya su suka fi yin wannan zaryar, kuma 'ya'yansu sun fi mutuwa tun suna ƙanana. Misalinsu da ya fi girgiza mutane shi ne farin beyar na yankin ƙanƙara, wanda filin da aka saba ba shi a zoo bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan na mafi ƙanƙantar yankin da yake yawo a can gida ba.

Ba wai Turawa da saninsu suka fara ba. Zoo na Viyana da aka kafa a 1752 na sarki ne don nuna isa, na Landan na 1828 masana ne suka yi don su samu abin nazari, a duka biyun ba wanda ya damu da yadda dabbar ke ji. Wanda ya fara sauya fasalin abin wani ɗan kasuwar dabbobi ne Bajamushe, Carl Hagenbeck, da ya buɗe nasa gidan a Hambog a 1907 ba sandunan ƙarfe a gaban manyan dabbobi. Dabararsa ita ce ya auna iya nisan da kowace dabba za ta iya tsallakewa, sai ya haƙa rami mai faɗi da zurfi da ya wuce haka, ya ɓoye ramin da duwatsu da shuke-shuke, mai kallo yana hango barewa a gaba zakuna a bayansu kan tudu sai ya rantse a fili ɗaya suke. Amma kar a ɗauke shi waliyyi, shi ɗin dai ne ya riƙa kwaso mutane daga Sudan da wasu ƙasashe yana nuna su a Turai ana biyan kuɗi ana kallo, duwatsun nasa kuma na siminti ne da aka yi don idon mai kallo, da dare dabbobin a ƙananan ɗakuna suke kwana can baya.

Wannan cutar ta yi wa ido gini a manta da mai gidan har yau ba ta warke ba. Akwai wani tafki da aka gina wa tsuntsayen fengwin, masu iyo da ba sa tashi sama, a zoo na Landan a 1934, zanen Berthold Lubetkin, fari fat da wasu gadoji biyu masu lanƙwasa da suka sarƙe juna, har gobe ɗaliban zanen gini na zuwa kallonsa, hukuma ma ta sa shi cikin gine-ginen tarihi da ba a rushewa. Amma tun 2004 babu fengwin ko ɗaya a ciki, simintin ya riƙa jawo musu ciwo a tafin ƙafa, ruwan ba shi da zurfin da za su yi nutso yadda suka saba, dole aka kwashe su.

Wanda ya kawo hankali cikin maganar shi ne Heini Hediger, masanin dabbobi ɗan Siwizalan da ya shugabanci zoo na Basel da na Zurich. Ya ce dabbar daji ma ba yawo take yi ba iyaka ba, tana da yankinta, da wajen kwana, wajen sha, wajen ɓuya, wajen da take goga jiki ta bar warinta, don haka abin da ke cikin fili ya fi girman filin muhimmanci, eka guda ta fallan siminti ba ta kai rabin eka mai bishiya da rami da tudu da ruwa ba. Ya kuma lura kowace dabba akwai iya kusancin da za ta jure daga mutum, in ka wuce shi sai ta gudu, in ba wajen gudu sai ta juyo kanka. To kaga in faɗin kejin gaba ɗaya bai kai wannan tazarar ba, dabbar a firgice take tun daga buɗe get har a tashi, ba inda za ta matsa ta samu natsuwa.

Maganar shinge ita ta fi nuna cewa keji ɗaya ba ya yi wa kowa. Zaki mai nauyi ne, ba gwanin hawa ba ne sosai, rami ko doguwar waya mai lanƙwaso kai ciki ta ishe shi. Damisa kuwa in ba ka rufe sama ba to ka yi sallama da ita, wadda ke hawa bishiya da barewa a baki wayarka ce za ta gagare ta? Taiga, damisar nan ta Asiya mai zane-zane, gwanar iyo ce, ramin ruwa bai dame ta ba. Kura ta ƙasa take bi, haƙa take yi, kuma haƙorin da ke fasa ƙashin cinyar saniya ba zai ji tsoron siririyar waya ko fayif ɗin roba ba, shi ya sa ake binne raga ko a zuba kankare a ƙarƙashin shingenta. Su barewa da gada da jimina matsalarsu daban ce, ba fita suke nema ba, firgita suke yi su zabura da gudu su daki wayar da ba su gani ba su karya wuya, don haka shingensu dole ya zama abin da ido ke gani, a jingina zana ko katako, a kuma guji kusurwa mai tsini inda babba zai ritsa ƙarami ya yi ta tunkuyi ba hanyar zillewa. Raƙumin dawa kuma ɗan gangare ko santsin jiƙaƙƙen siminti ya isa ya kayar da shi, in ya faɗi ƙafafu a warwatse da wuya ya ƙara tashi.

Kuma awon nan ba abin a duba da ido a ce "ai ya isa" ba ne. A zoo na San Faransisko a Amurka ranar Kirsimeti ta 2007 wata taiga mai suna Tatiana ta haure katangar ramin da ke gabanta, ta kashe wani saurayi ta raunata biyu kafin 'yan sanda su harbe ta. Da aka zo aka sa tef aka auna sai aka ga katangar ƙafa 12 da rabi ce, alhali ƙungiyar gidajen zoo ta Amurka ƙafa 16 da 'yan kai take ba da shawara. Shekara da shekaru ginin yana nan a haka ba abin da ya faru, kowa ya saki jiki, ashe dabbobin ba su samu dalilin gwadawa ba ne kawai.

Manyan birai kuwa ba ƙarfi kaɗai gare su ba, suna da hannu da basira da kuma lokaci, wuni guda suna zaune suna kallon yadda kake buɗe kwaɗo. A zoo na Omaha a Amurka an yi wani orangutan da ake kira Fu Manchu a wajajen 1968 da ya riƙa buɗe ƙofa yana ficewa da iyalinsa, har babban ma'aikacin wurin ya fara shirin korar mutane don yana zaton sakaci ne, ashe wata 'yar waya gogan ya lanƙwasa yake ɓoyewa tsakanin leɓe da dasashi, in ya ga ba kowa ya zaro ta ya taɓa sakata. Wasu suka ce to a zagaye birai da ruwa tunda ba su iya iyo ba, sai aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago, domin cimfanzi in faɗa ya kaure aka koro shi yakan afka ruwan, jikinsa kuma tsoka ce zalla, nutsewa yake yi, an yi asarar da dama ta haka kafin a koma yin ramin marar zurfi ta gefensu da abin kamawa a ciki.

Shingen kuma ba dabba kaɗai yake tsarewa ba, har mu. A watan Mayun 2016 a zoo na Sinsinati a Amurka yaro ɗan shekara 3 ya bi ta shingen da tsayinsa bai wuce ƙafa 3 ba, ya ratsa shuke-shuke ya faɗa ramin gorila, dole aka harbe gorilan mai suna Harambe don a ceci yaron, wurin da tun 1978 yake aiki ba a taɓa samun haka ba. Yanzu ka ɗauko wannan shingen ka kawo shi gidan zoo na Audu Bako a Kano ranar yawon sallah, uwa ɗaya da yara biyar, ga turereniya, ga samari masu son ɗaukar bidiyo su ɗora a TikTok suna zura hannu ta cikin waya. Dole mai zane ya yi lissafi da mutanen da za su zo da gaske, ba waɗanda ya gani a hoton ƙasar waje suna tafiya a layi ba.

Amma in ka bi labaran da suka faru a nan gida Najeriya zaka ga ba katanga ce ke cin amanarmu ba, ƙofa ce. Zakin da ya kuɓuce a gandun dabbobi na Jos a Disambar 2015 har aka harbe shi, lokacin ba shi abinci ne. Na Kano a Oktoban 2019, wanda ya hana unguwannin kusa barci duk da bai bar harabar gidan ba, wajen ƙoƙarin mayar da shi kejinsa ne ya zille. A 2024 kaɗai zaki ya kashe ma'aikata biyu, ɗaya a zoo na jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a watan Fabrairu, ɗaya a Abeokuta a watan Satumba, dukansu a wajen ciyarwa. In aka yi irin wannan sai a ce sakacin ma'aikaci ne, shikenan a rufe magana. To sakaci kam akwai shi, amma ɗan Adam ne, wanda zai buɗe ƙofa ɗaya safe da yamma shekara goma wata rana sai ya manta, aikin mai zane kuwa shi ne ya yi ginin da mantuwa ɗaya ba za ta zama ajali ba.

A inda aka ɗauki abin da gaske, kowace dabba mai haɗari tana da fili na waje da ɗaki na ciki, tsakaninsu ƙofar ƙarfe mai zamewa wadda ma'aikaci ke ja da igiyar ƙarfe daga wani lungu da yake tsaye bayan raga, kuma daga inda yake yana ganin ƙofar da idonsa, ba wai ya ja ya yi zaton ta rufu ba. Zai share fili? Sai ya sa nama a ɗaki, zakuna su shiga, ya saki ƙofa, ya sa sakata, ya danna kwaɗo, ya ƙirga su ɗaya biyu uku ya tabbata sun cika, sannan ya shiga da tsintsiya da tiyo. Ƙofar da shi yake bi ma biyu ce a jere da ɗan tsakani, ba a buɗe ta biyu sai ta farko ta rufu, kuma ciki take buɗewa ta yadda in dabba ta banko ta ƙara rufe ta take yi. Ba wani saƙo a ɗakin da ido ba ya kaiwa daga waje. Duk wannan mai kallo ba ya ganinsa, shi ya sa in kuɗi ya yi ƙaranci ko ɗan kwangila na son ya rage wa kansa wani abu, nan ake fara yankewa, a bar fenti da mutum-mutumin zaki a bakin get. A can bayan ne kuma ya kamata a samu ɗakin killace sabuwar dabba na aƙalla kwana 30 kafin ta haɗu da sauran, da wajen da likitan dabbobi zai matse dabba ya yi mata allura ba sai an sa ta barci ba, da hanyar da mota za ta shigo da akwati har bakin ƙofa, da magudanar da ba za ta kwashi ƙazantar kejin wannan ta bi da ita ta cikin na wancan ba.

Giwa ita ce babbar jarrabawa, kuma nan ne nake ganin yawancin gidajen zoo, ba namu kaɗai ba, ɗaukar Dala ba gammo suke yi. Dabba ce da ke wuni tana tafiya tana ci, ganye da ciyawa sama da kilo 100 a rana, ruwan sha kaɗai ya kusa durom guda ban da wanka. Tafin ƙafarta don ƙasa da yashi aka halicce shi, tafiya ce ke goge mata farce. Ka tsayar da ita kan simintin da ya jiƙe da fitsarinta sai farcen ya tsage, cuta ta shiga, ruɓa ta kai ƙashi, ga ciwon gaɓoɓi, ciwon ƙafa na cikin manyan abubuwan da ke kashe giwaye a tsare. Ga shi matan cikin dangi suke rayuwa, uwa da 'ya'ya da inna da kaka, giwa ɗaya tilo azaba take sha ko da filin ya kai girman unguwa. Wani bincike da ya fito a 2008 ya kwatanta giwayen Afirka mata da ke gidajen zoo na Turai da na gandun Amboseli a Kenya, na zoo tsaka-tsakin shekarunsu bai cika 17 ba, na Amboseli da suka yi mutuwar Allah da Annabi kuwa 56. Masu zoo sun yi ƙorafin cewa an haɗa da tsofaffin bayanai tun na 1960, kuma da gaskiyarsu an samu gyara, yanzu wurare da yawa yashi mai zurfi ake zubawa a ɗakin kwana, an daina ɗaure su da sarƙa, ma'aikaci ta bayan shinge yake hulɗa da su. Duk da haka zoo na Landan ya kwashe giwayensa zuwa Whipsnade a karkara a 2001, na Detroit a Amurka kuma a 2005 ya miƙa nasa guda biyu ga wani gandu a Kalifoniya, ya ce sanyin garin da ƙarancin fili ba za su bari ya riƙe su yadda ya dace ba. Kaavan, toron giwan zoo na Islamabad a Pakistan, da ya shekara 8 shi kaɗai bayan mutuwar abokiyar zamansa, sai da kotu ta sa baki aka ɗauke shi a jirgi zuwa Kambodiya a 2020. In masu kuɗi irin na Detroit sun ce ba za su iya ba, ina ga jihar da ke fama da biyan albashi? Kuɗin da za a kashe kan giwa ɗaya a keji, wallahi gara a kashe shi kan masu gadin garken da ya rage a Yankari.

Yanayi kuma shi ne abin da kwafar zane daga intanet ba zai ba ka ba. Zanen Turai duk tunaninsa yadda za a ɗumama ɗaki ne, mu kuwa rana ce abokiyar gabarmu. A Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, watan Afrilu da ƙarfe biyun rana zafi ya haura digiri 40, ka shiga ƙarƙashin kwano marar silin ka taka siminti ba takalmi ka ji, to a nan ake ajiye dabbar da gashi ya rufe jikinta, tana haki harshe a waje, ruwan shanta ma ya ɗau zafi. Bishiyar darbejiya ko maɗaci ko tsamiya guda ɗaya a daidai inda ya dace ta fi rumfar kwano goma, rufin ciyawa ya fi kwano, ƙasa ta fi siminti, kuma inuwar dole ta ishi kowa, don in guda ce babban namiji zai mamaye ta ya bar na ƙasa da shi a rana. Abin haushi sau da yawa bishiyoyin ake fara sarewa don a samu fili a ja igiya. Sai kuma hunturu ya zo da nasa, dabbobin kurmi irin su cimfanzi da aku da suka saba da laima, ƙura da busasshiyar iska da sanyin asuba na kama musu ƙirji, sai an yi musu ɗaki mai ba wa iskar baya da abin shimfiɗa.

Masu jan ciki nasu ya fi wuyar ganewa don ba sa kuka ba sa zarya, shiru za su yi har su mutu. Kada da mesa da guza da kunkuru ba sa haɗa zafin jikinsu da kansu, da safe su fito rana su ɗumama, in ya yi yawa su koma inuwa ko ruwa, saboda haka gidansu dole gefe ɗaya zafi gefe ɗaya sanyi su zaɓa da kansu. Ƙadangaru da kunkuru na buƙatar hasken rana kai tsaye don ƙashinsu ya yi ƙwari, gilashi kuma yana tare ɓangaren hasken da ke yin wannan aikin, sai ka ga an sa dabba a akwatin gilashi mai kyau cikin ɗaki, bayan 'yan watanni muƙamuƙi ya yi laushi, ƙoƙon bayan kunkuru ya fara lotsawa. In kuma aka fito da akwatin gilashin cikin rana, an dafa ta. Babban kunkurun nan namu na Sahel rami mai zurfi yake haƙawa ya shige lokacin zafi, a ba shi ƙasa kawai zai yi wa kansa gini, amma fa a binne tushen katanga sosai in ba haka ba gobe a maƙwabta za a tsince shi.

Dorina a ruwa take wuni kuma a cikinsa take kashi, wadda ke cin ciyawa kusan kilo 40 a dare ka san abin da zai fito. Waɗancan hotunan da muke gani tana yawo cikin ruwa garai-garai ta bayan gilashi, injinan tace ruwa ne ke aiki dare da rana a bayan ginin. A inda nepa ke zuwa in ta ga dama, dizal kuma ya yi tsada, duk gidan dabbar da ransa ke rataye da inji tarko ne. An riƙe farin beyar a Singafo cikin ɗaki mai na'urar sanyi har ya shekara 27 ya mutu a 2018, su da kansu suka ce ba za su ƙara kawo wani ba.

Tun kafin duk wannan ma akwai tambayar a ina za a kafa gidan. Gefen kogi na da daɗi saboda ruwa da bishiyoyi, ranar da kogin ya tashi kuma dabbar da ke kulle ba ta da inda za ta. Satumbar 2024 da madatsar ruwan Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Maiduguri, hukumar gidan zoo na Sanda Kyarimi ta ce sama da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu, ta kuma gargaɗi jama'a cewa ruwa ya kwashi kadoji da macizai zuwa cikin unguwanni, mutane na ta kansu ga kuma wannan. Irin haka ta faru a Tibilisi babban birnin Jojiya a Yunin 2015, aka ga dorina na yawo kan titi, wata taiga da ta tsere kuma ta kashe mutum bayan 'yan kwanaki. Ba mai hana ambaliya sai Allah, amma ana iya ɗora ɗakunan kwana kan tudu, a yi wa kowane fili wani wuri mai tsayi da dabba za ta hau, masu dafi da masu cin mutum kuma a ajiye su a sashen da ya fi ko'ina tudu.

Akwai rigimar da ba ta ƙarewa tsakanin mai sayar da tikiti da mai kula da dabba, ita ce ta wajen ɓuya. Mutum ya biya kuɗinsa ya ɗauko yara daga nesa, so yake ya ga zaki a tsaye yana ruri, zaki kuwa kan kwashe har awa 20 a kwance. Sai a cire duk abin da zai laɓe a bayansa, a bar mutane su zagaye shi ta ko'ina, in ya ƙi tashi a jefe shi da dutse ko ledar fiya wata. Ka ƙaddara gidanka ne ba zaure ba katanga ba labule, jama'a na tsaye gabas da yamma kudu da arewa suna leƙenka kana cin tuwo. Mutanen zoo na Woodland Park a Siyatil ta Amurka da suka buɗe wa gorila sabon wuri a 1979 sun nuna akwai mafita, suka cika wurin da bishiyoyi da ciyayi da tuddai, suka sa mai kallo ya bi siririyar hanya cikin irin waɗannan shuke-shuken yana leƙawa ta 'yan wurare kaɗan, dabbar kuma tana daidai idonsa ko sama da shi, ba a cikin rami ana kallonta daga sama ba. Dabarar da ake haɗawa da ita mai sauƙi ce, a sa abin da dabbar ke so kusa da wajen kallo, inuwar da ta fi sanyi, dutse mai tsayi da zaki zai hau ya hango nesa, wajen da ake rataye wa raƙumin dawa ganye, sai ta kawo kanta don ra'ayinta. Dabbar da ta san tana da wajen ɓuya ma ta fi sakin jiki ta fito fili. Abinci kuma kar a zube a faranti a wuce, a daji nemansa ne aikin yini, in ka ba biri nasa ya cinye a minti biyar me zai yi da sauran awannin? A watsa gyaɗa cikin ciyawa, a cusa a kogon kututture, a rataye wa damisa nama a reshe, a ba kura ƙashi da fata. Wannan ba ya cin kuɗi, amma sai in tun a zane an bar ƙasa da itace da wajen rataya.

Mu da muka taso da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci da kanta ba, bai kamata sai wani ya zo daga waje ya faɗa mana cewa kulle dabba ɗaukar amana ne ba. Amanar kuma ta kullum ce, ba ta ranar da gwamna ya zo ya yanke ƙyalle ba. Babban zaki na cin nama kilo 5 zuwa 7 a rana, ka lissafa da kuɗin kilo a kasuwa yau, ka ninka da zakuna huɗu da kwana 365, sannan ka tuna zaki a tsare na iya kaiwa shekara 20, wato gwamnoni biyu ko uku za su zo su wuce yana nan yana jiran abincinsa. Hotunan zakunan wurin shaƙatawa na Al-Ƙurashi a Khartum da suka bazu a Janairun 2020, haƙarƙari duk a waje, ba muguntar ma'aikata ba ce, su har daga aljihunsu suke saya musu abinci, tattalin arzikin ƙasar ne ya durƙushe.

Shi ya sa da za a tambaye ni, gidan zoo a ƙasar Hausa ya rage yawan iri ya ƙara wa kowane iri fili, ya kuma fara da dabbobin da yanayinmu nasu ne, barewa, gada, gwanki, jimina, gauraka, kunkuru, kada, kura, dila, jan biri, mugun dawa. Yaron Kano ko Maraɗi na yau ya san kura a tatsuniya, gwanki sai a karin magana, gauraka kam bai taɓa ganinta da ido ba. Raƙuman dawan Kure kusa da Yamai, waɗanda a 1996 ba su cika 50 ba daga baya suka haura 600 har aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maraɗi a 2018, ganyen gawo da ƙayoyin bakin gona suke ci. Ba cewa nake a je a kamo su ba, misali ne kawai na cewa dabbar yankin nan ba ta buƙatar injin sanyi ko abincin da sai an shigo da shi da dala. Irin waɗannan ma ana iya haɗa wasunsu a babban fili ɗaya, ya fi kyan gani ya fi arha, sai dai a kula, jakin dawa mugu ne ga jariran barewa, dole a yi wa ƙanana 'yar kafar da za su shige babba bai iya bi ba, a kuma raba musu wajen ci.

Sai haihuwa, wadda ake yawan mantawa da ita a zane. In gida ya yi daɗi dabbobi za su hayayyafa, zaki ma ko gidan ba daɗi haihuwa yake yi. Zakanya mai tsohon ciki na son ɗaki nata ita kaɗai mai duhu nesa da hayaniya, in ba haka ba ta yar da 'ya'yan ko ta kashe su. Mazan kuma in sun kai shekara 2 zuwa 3 uban ba zai zauna da su ba, a daji korarsu ake yi su bar garke, a keji ba inda za su je sai faɗa har jini. Haka barewa, namiji ɗaya ke riƙe matan, sauran mazan sai an ware musu fili. Gidajen zoo na Turai suna da rajistar dangantaka suna musayar dabbobi tsakaninsu don kar jini ɗaya ya yi ta auren juna, duk da haka wuri na ƙare musu, abin da ya kai na Kofanhegan a Denmark ga kashe wani lafiyayyen matashin raƙumin dawa mai suna Marius a Fabrairun 2014 ya ba zakuna namansa, duniya ta yi musu ca. A nan da musayar ba ta kankama ba, ko dai a tanadi fili na biyu da na uku tun a takardar zane, ko a raba maza da mata, ko likita ya sa wa matan maganin hana ɗaukar ciki, akwai na zakuna da ake dasawa a ƙarƙashin fata.